Ɗingishin Auta

Ranar da Auta ta fara ɗora ido a kan Koci, ba so ne ya fara zo mata ba, haushi ne.

Tela ce. Daga safe har yamma tana kan keken ɗinki, baya a tanƙware, wuya a karye. Da ciwon baya ya ishe ta ta je asibiti, likita ya duba ta sama da ƙasa ya ce ba abin da ke damunta sai yawan zama, ta je ta riƙa motsa jiki. Kun ji irin maganin zamani. Mutum ya ɗauki ƙafarsa ya je a wahalar da shi, ya kuma yi godiya.

Gidan motsa jikin a saman bene yake, ɗaki mai faɗi, madubi bango guda, ƙarafa a jere kamar a maƙera. Matar da ke koyar da mata ta haihu a makon, shi ya sa manaja ya turo wani dogon saurayi da ake kira Koci ya riƙe ajin. Can nesa ya tsaya, usur a wuya, hannu a baya, ba ya kallon fuskar kowa.

"Ku tsuguna kamar za ku zauna a kujera. Ku miƙe. Yawwa. Ku sake."

Auta ta tsuguna ta miƙe, ta tsuguna ta miƙe, har gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Sauran matan tsofaffin hannu ne, kowace ta san inda take tsayawa ta huta. Ita kuwa sabuwar zuwa, ga zuciya, ta rantse ba za a ga gazawarta ba.

"Malama mai jan takalmi, ke sabuwa ce ko? Ya isa haka, ki huta."

"Wa ya ce maka na gaji?"

Sai a lokacin ya dube ta. Ya yi murmushi, wata 'yar wushirya ta leƙo, gaban Auta ya faɗi ba tare da ta san dalili ba.

"To shi ke nan. Saura ɗaya."

Ta yi.

"Saura ɗaya."

Ta ƙara.

"Saura ɗaya."

"Kai wai ba ka iya ƙirga ba ne? Mugu kawai!"

Ajin duka ya kwashe da dariya, har shi. Da aka tashi ya tare ta a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai kamar mai neman alfarma.

"Na yi miki wasa da yawa, ki yi haƙuri. Gobe za ki ji jikinki, jibi ma ya fi. Kada ki kwanta. Ki riƙa takawa a hankali."

"Ni ba na jin komai," in ji Auta, ta sauka benen tana tsalle don ya gani.

Washegari ta ji cinyoyinta sun yi nauyi, ta daure ta je shago. Jibin kuwa, wallahi da ta buɗe ido ta yi zaton an saci ƙafafunta an ajiye mata itace. Zama ya gagara, tashi ya gagara. Su ma a bene suke zaune, da ta zo sauka sai ta ga ƙafa ta ƙi lanƙwasuwa, dole ta juya baya ta riƙe ƙarfen matakala da hannu biyu, tana saukowa da baya-baya kamar jaririn da ke koyon rarrafe.

A haka Kaka ta gan ta.

Kaka ita ta haifi Baban Auta, ita kuma ta raine ta tun tana tsumma. Ba ta taɓa zama a aji ba, ba ta iya karanta ko sunanta ba, amma duk faɗin garin babu ofishin da take tsoron shiga. In aka taɓa nata, sai an biya.

"Innalillahi! Wane ɗan banzan ne ya karya min ke?"

"Kaka ba karaya ba ce, motsa jiki na..."

"Rufe min baki! Na aike ki da ƙafa biyu, kin dawo min da baya-baya!"

Nan take ta tasa ta ta mayar ɗaki, ta danne ta a gado, ta aika aka kira Mai Kemis. Shi Mai Kemis shagonsa na tsallaken titi, ya daɗe yana neman Auta, kuma Baba ya riga ya ba shi fuska. Ya zo da leda cike da magani, yana ƙamshin turare kamar an yi ɓarinsa. Bai ma tambaye ta inda ke ciwo ba.

"Jijiya ce ta tsinke, Kaka. Na sha ganin irinta. Kada ta motsa ko kaɗan."

Ya bar man zafi da ƙwayoyi da bandeji, Kaka ta naɗe ƙafafun tun daga cinya har idon sawu. Auta ta wuni a kwance kamar an yi mata likkafani rabin jiki. Kafin la'asar ko juyi ba ta iya yi sai da ƙara.

Kaka ta ɗauki lema ta fita.

Can Auta ta jiyo hayaniya a matakala. Muryar Kaka a sama, wata muryar tana ta "Kaka ki yi haƙuri, ina tafe, ki sake ni." Aka banko ƙofa. Ga Kaka riƙe da igiyar usur, ga Koci a ƙarshen igiyar, ya ranƙwafo da tsawonsa duka yana bin ta.

"Ga aikinka nan! Duba da kyau! Yarinyar da ke ɗinka wa rabin unguwa kaya ka mayar min da ita gungume!"

Auta ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ƙasa za ta tsage da ta shige.

Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya durƙusa.

"Sannu Malama. Ƙafa ɗaya ce ko duka biyun?"

"Duka."

"A nama yake ko a gaɓa? Gwiwa na ciwo? Akwai inda ya kumbura?"

"A'a. Cinyoyin ne kawai, da nan baya."

"Sauka daga bene ya fi hawa wuya?"

Ta leƙo da ido ɗaya. "Ya aka yi ka sani?"

Ya sauke ajiyar zuciya har kafaɗunsa suka faɗi.

"Alhamdulillahi. Kaka, tsamin jiki ne. Naman da bai saba aiki ba ne aka tashe shi lokaci guda. Kafin mako ya zagayo zai tafi da kansa. A kwance bandejin nan, a gasa mata da ruwan ɗumi, ta sha ruwa sosai, ta ci abinci, ta yi barci. Sannan ta tashi ta riƙa tafiya a hankali. Kwanciyar nan ita ke ƙara sandarar da ita."

Kaka ta riƙe haɓa.

"Au! Ka karya ta, kuma ta tashi ta yi tafiya? To ba laifi. Tunda tafiya ce magani, kai za ka tafiyar da ita. Kullum da safe ka zo nan, har ranar da ta warke sarai. Ni kuma ina bayanku da lemata. In ka yi fashin rana ɗaya, manajanku zai san ni."

"Na yarda, Kaka."

Da sauri ma ya faɗa. Auta ta lura da saurin.

Haka aka fara. Da safe kafin rana ta yi zafi, Koci na ƙasan bene yana jira. Auta ta sauko da baya-baya, su kama layin har bakin filin ƙwallon yara, su zagayo. Kaka na biye tana dogara lema, tana faɗa da masu babur, tana faɗa da kwata, tana faɗa da gwiwoyinta.

"Kada ki ja ƙafar, Mai Allura. Ɗaga ta kaɗan."

"Wa ya ba ka izinin sa min suna?"

"Ke wa ya ba ki izinin ce min Mugu a gaban ɗalibaina? Har yau haka suke kirana."

"Ai ka ci sunan."

"To na karɓa. Amma daga bakinki kawai nake amsawa."

"Ku rage gudu, ku ƙara tazara!" in ji Kaka daga baya. "Ina ganin kafaɗa na neman kafaɗa!"

A tafiyar ta ji labarinsa. Ɗan tsere ne a da, gwiwa ta ba shi matsala ya bari. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne wani ya ji rauni a hannunsa, don ya san yadda rauni ke raba mutum da abin da yake so. Ita ma ta ba shi nata, yadda ta fara ɗinki da ƙyallayen da Kaka ke tsinto mata, da burinta na sayen keke mai aiki da lantarki.

Da yamma saƙo kan shigo.

"Mai Allura, kin gasa ƙafar? Kin sha ruwa? Kada ki zauna a keke ki manta da kanki. Duk rigar da kika gama, ki tashi ki zagaya shago."

Ta mayar masa: "Na sha ruwa har na koma randa. Mugu, kai ba ka da aiki sai sa min ido?"

"Ina da shi. Amma wannan ya fi daɗi."

Kaka na gefe tana kallonta.

"Me wayar take cewa?"

"Kwastoma ce, Kaka."

"Kwastomar da ke sa ki murmushi kamar ana yi miki cakulkuli? Don kin ga ban iya karatu ba ko? Ai fuska nake karantawa."

Magana ta kai kunnen Baba, kuma kowa ya san ta wane tsallaken titi ta biyo. Ya kira Auta ya zaunar da ita.

"Na ji wai wani mai busa usur na rakiyarki. Tsalle-tsalle sana'a ce? Ga mutum da shagonsa da mutuncinsa yana jiranki. Da zarar ƙafar nan ta warke, kada in ƙara ganin yaron nan a ƙofar gidana."

Ga shi kuwa ƙafa ta riga ta warke. Tsamin ya zare kamar yadda Koci ya faɗa, kaɗan-kaɗan, har wata safiya Auta ta sauko bene fuska a gaba ba ta ma sani ba. Koci ya tafa hannu.

"Kin gani! Gobe sai mu yi ta ƙarshe, in sallame ki, Kaka ta sallame ni."

Yana dariya yake faɗa, amma idonsa ba ya dariya. Ita kuwa ta wuce shago. Ta wuni tana ɗinki tana farkewa. Hannun riga ta ɗinka a wuya. Can dabara ta zo mata, irin dabarar nan ta yaran da so ya toshe wa kai.

Washegari ta sauko tana ɗingishi.

Da ta tsaya a kan abin da ta sani, ta ce cinyoyin ne suka dawo da tsami, da sauƙi. Amma ina! Sai ta ga ai ciwon da ya fi kama da gaske shi ne wanda ake nuna wa da yatsa. Ta dafa gwiwar hagu.

"Nan ne. Kamar ana soka min allura. In na taka sai in ji ta ƙas."

Murmushin Koci ya ɗauke ɗif.

"Gwiwa? Ɗaya kawai? Kin ce min ba ta ciwo."

"Yanzu ta fara."

"Kina jin tana ƙara?"

"Sosai ma."

Ita a zatonta za a ƙara mata mako guda na tafiya. Ba ta san ta ɗauko masa abin da ya fi tsoro ba. Tsamin jiki ba ya tarewa a gaɓa ɗaya, ba ya dawowa bayan ya tafi. Abin da ta siffanta, shi ne abin da ya raba shi da tsere.

"Yau ba tafiya," in ji shi. "Ki koma sama. A kai ki asibiti a ɗauki hoton gwiwar. Kaka, laifina ne. Ni na ƙara mata abin da ya fi ƙarfinta, da wasa."

"Na faɗa!" Kaka ta buga lema a ƙasa. "Tun ranar farko na faɗa! Ka zo kana min daɗin baki, wai tsamin jiki! Wallahi ba zan yarda ba!"

Daga ranar bai ƙara zuwa ba. Auta ta tura saƙo: "Muguna, ba wani abu ba ne fa, da sauƙi. Ka zo mu taka ko kaɗan ne."

Amsa ta zo a gajarce: "Ba zan ƙara sa ki taka ta ba. Kin je hoton? Ki yafe min."

Ta rasa inda za ta sa kanta. In ta ce ta warke, Baba ya rufe ƙofa. In ta ci gaba, ga bawan Allah yana cin kansa. Hoton ma kullum sai ta ƙirƙiro dalilin ɗagawa. A gida ɗingishi, a titi ɗingishi, sai in ta shiga shago ta saki labule take hutawa.

Wata safiya tana tsaka da taka keke, ƙafar hagun nan na aiki kamar inji, ta ji ƙamshin turare. Ta ɗago. Mai Kemis ne ya ɗaga labule, idonsa a kan ƙafar.

Ya yi wani murmushi.

"Kada ki damu, ni ban ga komai ba. Ki ci gaba da ɗingishinki. Ai ɗazu na raka Kaka ta hau mota, ta tafi wajen manajansu. Na koya mata abin da za ta faɗa. Yau dai mai usur zai san inda ake neman aiki."

Kafin ta ce uffan wayarta ta yi ƙara.

"Mai Allura, na gaya wa manaja gaskiya tun shekaranjiya, cewa ni na ji miki rauni. Ya dakatar da ni. Yau ya kira ni, Kaka ma tana nan. In sun ce in tafi ba zan yi musu ba, wanda ya lalata gwiwar mutum bai cancanci riƙe aji ba. Ki kula da kanki. Ki sha ruwa."

Ki sha ruwa! Ana shirin raba shi da abincinsa, shi ta ruwanta yake.

Auta ta ture Mai Kemis daga ƙofa, ta tattare zani, ta zuba a guje. Ba ta tsaya neman abin hawa ba. Ta ratsa layin masu kayan gwari, ta tsallake kwata, tef ɗin awo na lilo a wuyanta. Matan da jiya suka yi mata sannu da ƙafa suka saki baki. Wani mai wankin mota ya ɗaga mata soso yana ihu, "Ikon Allah! Ta warke!" Takalmi ɗaya ya fice, ta bar shi nan. Ta isa gidan motsa jiki ta haye benen bibbiyu, ta banka ƙofar ofis.

Kaka na tsaye, lema a sama, tana tsakiyar magana.

"...marainiyar Allah, ko taku ɗaya ba ta iya yi sai an riƙe ta, ƙafa ta mutu murus..."

Ta juyo. Manaja ya juyo. Koci, da ke tsaye a jikin bango usur a hannu maimakon wuya, shi ma ya juyo. Duk suka zuba wa ƙafafun Auta ido.

"Ƙarya..." Numfashi ya ƙi ba ta hanya. "Ƙarya nake. Gwiwata lafiya lau. Kada ku kore shi."



"Ke," in ji Kaka a hankali, kuma duk wanda ya san Kaka ya san hankalinta ya fi ihunta haɗari. "Daga ina kike?"

"Daga shago."

"A me?"

"A ƙafa."

"Don ubanki, ƙafar da na kwana ina gasawa?"

Auta ta fashe da kuka. "Baba ya ce in na warke kada ya ƙara zuwa. Ni kuma... ni ba na so ya daina zuwa."

Manaja ya kama tari, ya juya yana duba bango kamar yau ya fara ganinsa. Koci bai yi dariya ba. Ya dube ta, ido jawur.

"Kin san abin da na ji kuwa? Na ɗauka na jawo miki abin da ya same ni. Abinci ma ya gagare ni. Da kin ce min kawai kina so in zo, ai da na san yadda zan yi."

Ya ajiye usur a teburin manaja, ya fita.

Kaka ta tasa ta gaba har gida, tana zagi tun daga saman bene har ƙofar ɗaki. Kuma ga ikon Allah, wanda bai saba gudu ba ya ratsa rabin gari da takalmi ɗaya, me kuke zato? Washegari sharaɓa ta ɗaure. Jibi kuwa Auta ta tashi jiki ya yi tsami fiye da na farko. Ta kira Kaka tana nishi.

"Kaka ki taimaka min da ruwan ɗumi."

"Ruwan ɗumi? Ko na sanyi ba za ki samu ba. Tashi ki yi tsere."

"Wallahi yanzu da gaske ne!"

"Wancan ma wallahi kika ce."

Babu wanda ya yarda. Baba ya ɗaure fuska, maƙwabta na dariya. Ta tura wa Koci saƙo: "Na san ban da bakin magana. Ka yafe min. Jikina ya yi tsami, wannan karon ba ƙarya, amma ban ce ka yarda ba. Na sha ruwa." Shiru, babu amsa.

Abin da ba ta sani ba, Kaka ba ta zauna ba. Ita fa ba ta iya barin haƙƙi ya kwana, ko a kan wa ya faɗa. Lemar da ta ɗauka ta je a kori yaro, ita ta sake ɗauka ta koma. Daga baya Auta ta ji yadda aka yi. Ta tsaya a kan manaja sai da ya kira Koci a gabanta ya mayar masa da usur ɗinsa, har da ba shi haƙuri. Daga nan ta tsallaka titi, ta juye wa Mai Kemis ledar maganinsa a kan kanta, gaban masu saye.

"Ka tura ni in ci zalin ɗan mutane da tsufana, ka ga ƙafa na aiki kuma ka yi shiru? Riƙe bandejinka, ka naɗe bakinka da shi!"

Na Baba kuwa a kunnen Auta aka yi, tana kwance tana jiyo su daga falo.

"Inna, yaron nan ba shi da wata sana'ar kirki..."

"Kai rufe min baki, ni na haife ka. Yaron da ba wanda ya kama shi, ya kai kansa ƙara don yana zaton ya cuci 'yarka? Wanda kake so ɗin fa? Ya sa na naɗe ta kamar gawa, bai ko tambaye ta ina ke ciwo ba. Na ja yaron nan da igiya a gaban jama'a, na zage shi, bai ɗago ido ya dube ni ba. Mun ci haƙƙinsa, kuma sai mun biya. Ni ba ni da abin biya sai wannan maƙaryaciyar. In yana so ya ɗauka."

"Sai dai in bincika asalinsa, Inna."

"Bincika. Amma da sauri, ba ni da lokacin jira."

Da safe Auta ta lallaɓo za ta shago, don ta san yanzu kwanciya ba magani ba ce. Ta juya baya, ta riƙe ƙarfe da hannu biyu, tana saukowa tana cije leɓe. Ta kusa ƙasa ta ji murya a bayanta.

"Wannan kam na gaske ne. Ba a iya kwaikwayonsa."

Ta kusa sakin ƙarfen. Yana tsaye, usur a wuya, jan takalminta ɗaya a hannu.

"Wani mai wankin mota ya ajiye miki. Ya ce in gaya miki kin fi masu tsere."

"Muguna... ka huce?"

"Ban gama ba. Amma na yi lissafi. Ƙarya kika yi don in zo, gudu kika yi don kada in tafi. Gudun ya fi yawa." Ya ajiye takalmin a gabanta. "Sharaɗi ɗaya, Mai Allura. In ciwo ne ki ce ciwo. In kewa ce ki ce kewa. Maganinsu ba ɗaya ba ne."

"To yau duka biyun ne."

"To mu taka. A hankali."

"Ku ƙara tazara!" in ji wata murya daga saman bene. "Ba a ɗaura ba tukuna!"

Binciken Baba bai samo komai ba sai alheri, aka sa rana. Auta da kanta ta ɗinka rigarta, tana tashi tana zagaya shago duk bayan ɗinki ɗaya, ciwon baya ya zama labari.

Saura 'yan kwanaki biki, mai koyar da matan nan da ta haihu ta dawo aiki. Kaka ta ce sai ta je ta ga abin da ake yi a ɗakin nan da ya kusa kashe mata jika. Ta je kallo, ta ga wata sa'arta na tsugunawa tana miƙewa, sai ita ma ta ajiye lema ta shiga sahu. Aka ce mata ta zauna ta huta, ta ce wa ya ce ta gaji. Ashe gadon zuciyar daga nan aka ɗauko.

Ranar ɗaurin aure gida ya cika, an gama komai, ango da amarya na ƙasan bene suna jiran albarkar Kaka kafin mota ta tashi. Shiru ba ta sauko ba. Can sai ga ta, cikin sababbin kaya, ta juya wa jama'a baya, ta riƙe ƙarfe da hannu biyu, tana saukowa da baya-baya tana masifa.

"Duk wanda ya yi dariya sai na ci mutuncinsa! Ina angon? Zo nan, mugu! Gidanku ya karya ni, kuma wallahi sai an biya ni!"

"Na yarda, Kaka. Kullum da safe, har ki warke."

"Da matarka za ka zo. Ba na son gulma."

Koci ya riƙe hannu ɗaya, Auta ta riƙe ɗayan, dariya na neman shaƙe ta.

"Sannu Kaka. Saura ɗaya," in ji shi.

"Ƙarya kake, na san halinka!"

Ta miƙa ƙafa tana lalube, sai ta ji ƙasa. Ta tsaya, ta dube shi, ta dubi jikarta, idonta ya kawo ruwa. Ta haɗa hannayensu a cikin nata.

"To yau ka yi gaskiya. Ga ta nan, na biya ka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu ƙafa lafiya. In ɗayanku ya gaji, ɗayan ya rage sauri. Ku tafi, Allah ya tsare. Wani kuma ya ɗora min ruwan ɗumi."